Yadda Za Ka Tsere wa Kuɗin Cefane

Ɗan'uwa magidanci, an ce maka tattali shi ne rage sukari a koko da kashe ƙwan lantarki? Kai, wasan yara ke nan. Babbar ɓarakar aljihunka ita ce hannun nan da ake miƙo maka kowace safiya a ce "na cefane". Bi matakan nan, na ba ka tabbaci hannun zai gaji don kansa. Maƙwabcina Malam Zakari na nan Gobarau ya gwada, kuma ya ci riba.

1. Ka riga matarka buɗe baki

Da an kira asuba ka fice, kada ka dawo. Mashin ɗinka ma kada ka tayar a ƙofar gida, tura shi za ka yi har bakin titi. Ba ta ji fitarka ba, ka kuma rage shan mai. Wanda ya gan ka zai ce bawan Allahn nan akwai sammako.

2. Waya

Za ta kira da hantsi. Ɗauka ka yi ta "Alo? Alo?" sannan ka kashe. Daga baya ka ce aiki ya kai ka bayan Batagarawa, ba sabis. Ko kana miƙe a rumfar abokinka a Babbar Kasuwa, bayan Batagarawa kake.

3. Naka cikin

Kai ne mai nema, mai nema kuwa bai kamata jiri ya kwashe shi ba. Shayi da ƙwai da safe, tsire da la'asar. Amma don Allah ka karkaɗe gemu! Garin ƙuli kaɗan ya maƙale, asiri ya tonu. Tauna goro, ka shiga gida kana hamma.

4. Ranar da aka ritsa ka

Ranar za ta zo, ba makawa. Jamila, matar Zakari, ta taɓa riƙe masa kan mashin a zaure ta ce, "Malam, yara ba su karya ba, mi zan dahwa masu?" Bai ce babu ba, sabon shiga ke cewa babu. Ajiyar zuciya ya yi, ya kawo tsadar masara, ya biyo ta kan gwamnati, ya rufe da falalar mace mai haƙuri. Kafin ta gama cewa "Allah ya sa mu dace" ya sha kwana.

5. Ci, ban da tambaya

Idan ka dawo ka tarar da tuwo, kada ka kuskura ka ce daga ina. Ci ka sa albarka. Ina ruwanka da tukwanen jerenta da suka ragu, ko kunnenta da ba ɗan kunne? Ita ma Jamila da kuɗin ɗan kunnenta ta fara tuwon sayarwa. Zakari har talla ya riƙa yi mata a majalisa.

6. Girbi

Yanzu ba mai tambayar Zakari komai. Yara sun murmure, an biya kuɗin makaranta bai ma san ranar ba. Shekaranjiya bayan magariba ya shiga gida da yunwa ta gaske, ya tarar da kwanonsa a kife. Ya ratsa masu jiran tuwo, ya yi gyaran murya irin ta masu gida. Yaransa ko ɗago kai ba su yi ba. Jamila ta dube shi da mara a hannu, wallahi cikin ladabi, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Na nawa za a zuba? Sai dai ka bi layi, waɗannan sun riga ka."

Ina tsaye da nawa kwanon, na matsa masa ya shiga bayana. Raina bai so ba.

Togaciya

Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da iyalinka ne, kada a turo mini mai unguwa. Idan ka yi sallama a gidanka babu yaron da ya taso da gudu, ba hannuna. Ni cewa na yi za a daina tambayarka. Ban ce za a ci gaba da jiranka ba.