Kujerar Sulpice da Ƙaton Hatiminsa

"Ni Sulpice Marmouget, zan yi kujerar da in mace ta zauna a kanta sai an kira mijinta ya roƙe ta kafin ta tashi."

Haka ya faɗa mana a shagon Maigida Vauquet da ke titin Cléry, bakinsa cike da burodi da albasa. Shekara goma sha tara muna benci ɗaya da wannan sarkin cika baki, kuma abu ɗaya ke ci masa rai: duk kujerar da ta fita daga shagon, sunan Maigida ake bugawa a ƙarƙashinta. Dokar ƙungiyar kafintocin Paris ke nan. Sai wanda dattawa suka gwada aikinsa suka amince ke samun izinin buga hatimin sunansa da buɗe shagon kansa, sauranmu mu yi ta zufa wani ya sa suna. A shekarar nan Sulpice ya matsa sai an kai shi gwaji. Maigida ya ce zai tsaya masa, amma sau ɗaya tak. In ya faɗi, ya dawo benci ya tsufa a kai.

Lokacin an daina yayin ƙafa mai lanƙwasa. Manyan gari sun koma son miƙaƙƙiyar ƙafa mai tsaga-tsaga, da majingini mai siffar ƙwai. Sulpice ya ce ai don shi aka ƙirƙiro wannan yayin.

To, a sana'armu hannu huɗu ke taɓa kujera. Kafinta ya haɗa, masassaƙi ya yi ado, mai zinare ya shafe, mai ɗinki ya cusa gashin doki ya rufe da siliki. Gogan naka ya ce raggaye ne ke raba aiki gida huɗu. Masassaƙin da ke maƙwabtaka da mu, bawan Allah, ya leƙo ya ce a kawo ƙafafun ya tsaga su kyauta. Sulpice ya ce masa ya je ya sassaƙa cokali.

Ran Litinin ƙarfen sassaƙa ya zame masa a ƙafar farko, ya ci katako. Ya ce ba komai, ya feƙe ƙafar har ciwon ya ɓace. Sai sauran ukun suka fi ta kauri, dole ya feƙe su. Yana kan ta uku ƙarfe ya sake zamewa, aka koma farko. Kafin Juma'a ƙafafun nan sun rame tamkar kyandir.

Na ce, "Sulpice, a kan wannan za a zauna ko kunna ta za a yi?"

Ya ce, "Kai dai ka ci gaba da dafa gam, ka bar wa masu ido kallo."

Da ya ja baya ya duba, sai ya ga katakon da ke riƙe mazauni ya yi wa ƙafafun ƙato. Ya ɗauko shi ma ya goge, ya goge, har ya koma kaurin yatsa biyu.

Sai zinare. Ka san ganyen zinare, ɗan siririn nan da ake liƙa wa katako, ko numfashi ba ya so, shi ya sa masu shafa shi ke aiki bakinsu a rufe. Ina Sulpice ina rufe baki? Ya ɗago ganye, ya juyo zai yi mana bayanin yadda ake ɗagowa, ganye ya tashi sama. Na biyu ya liƙe masa a gira, na uku a hanci. Wallahi dariya muka yi har Maigida ya zauna a ƙasa. Da ganyen ya ƙare, gwanin ya shafa wa kujerar farin fenti, ya ce zinare na 'yan ƙauye ne. Gashin doki kuwa, matarsa Perrine ce ta faki idonsa ta kai wa mai ɗinki kujerar, shi kuma ya yi kamar bai sani ba.

Saura hatimi. Wanda aka saba da shi a gari ɗan ƙarfe ne tsawon yatsa, a ɗora a katako a ɗan ƙwanƙwasa, suna ya fito. Sulpice ya je wa maƙeri ya ce shi ba zai ɓoye sunansa kamar ɓarawo ba. A rubuta masa shi cikakke, da manyan baƙaƙen da za a karanta daga bakin ƙofa. Aka ƙera masa abu tsawon kamu guda. Maƙerin ya ce ƙaramar guduma ba za ta nutsar da wannan ba, sai Sulpice ya aro tasa ta dukan ƙarfe.

Ranar gwaji duk titin muka cika ɗakin ƙungiya, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, kallon faɗuwa muka je. Shugaban dattawan, Dattijo Gombault, mutum ne da sai ya karkace yake shiga ƙofa. Ya zagaya kujerar, ya shafa ƙafafun, ya juya baya ya zauna a kai a hankali. Kujera ta yi ƙara. Perrine ta rufe ido. Dattijo ya jingina, ya ɗaga ƙafafunsa, har ya ɗan girgiza. Kujera na nan daram! Kunya ta kama ni, don ashe ɗan banzan ya iya haɗa katako, mu ne surutunsa ya hana mu gani.

Dattijo ya ce bai taɓa ganin kujera mara nauyi mai ƙarfi haka ba. Ya ce, "Abu ɗaya ya rage, ɗana. Ba ma karɓar aiki sai da sunan mai shi. Buga hatiminka mu shigar da kai."

Aka kifa kujerar a kan benci. Sulpice ya zaro ƙaton ƙarfen nan daga buhu. Maigida ya matso ya miƙa masa 'yar gudumarsa, ya roƙe shi ya bi a hankali, katakon ba shi da nama. Sulpice ya ture hannunsa.

"Sunan da ya daɗe yana jira ba a buga shi da raɗa, Maigida."

Ya tofa yawu a tafinsa, ya ɗaga gudumar maƙeri da hannu biyu, ni kuma tsautsayi ya sa ni ke riƙe masa hatimin. Ya sauke. Ƙafa ɗaya ta fita ta taga, ɗaya ta tuɓe wa magatakardan ƙungiya hula, majingini ya gangara ƙarƙashin tebur, gashin doki ya cika mana baki. Abin da ya rage a kan benci guntun katako ne kawai.

Dattijo Gombault ya ɗauke shi, ya sa tabarau, ya karanta a fili. Kowane baƙi ya fito raɗau, babu wanda ya karkace. Ya yaba wa maƙerin ƙwarai. Sannan ya miƙa wa Sulpice guntun da hannu biyu.

"Ɗazu kujera gare ka ba suna, yanzu suna gare ka ba kujera. Riƙe abinka, ɗana. Mu a nan ba ma zama a kan suna."