'Yar Kwatano Ta Tafi da Kalangun Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka kasa zama wuri ɗaya, iyalan marigayi Saminu Kalangu na Agege ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da mahautan Oko-Oba, da duk amaryar da aka taɓa yi wa waƙa a ɗakinmu na ƙofar gida, rasuwar na'urar fiyanon ɗansu Mahbub, wadda aka fi sani da 'Yar Kwatano. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinyar da mai ita ya ƙi yarda cewa jinya ce.

Ba wanda ya san shekarunta. Da tsufanta ta zo mana, ta sha hannu a wata ƙasa, ga wani rubutu a bayanta da babu mai iya karanta shi a gidan nan. Ranar da Mahbub ya sayo ta, yaron danfo ya rantse ba za ta shiga mota ba sai dai a ba ta kujerarta. Mahbub ya ɗora ta a ka, ya biyo titin jirgi da ƙafa, yana gumi yana washe baki. Baba ne ya leƙo ya ce, "Wannan kuma 'yar Kwatanon ina ce?" Sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha zafin ɗakin da ba shi da taga, ta sha shayin da aka zubar mata, ta rasa baƙin haƙori ɗaya a hannun wani mawaƙi mai zafin kai, ba ta taɓa ƙorafi ba. In an kunna ta da safe takan yi gaisuwa, tiririm, sannan ta jira umarni. Muryoyinta sun fi ɗari, kowace da lambarta: sarewa, garaya, ƙaho, ganga, har da tafi, don ranar da waƙa ta rasa mai tafa mata. Ta yi wa amare kiɗa, ta yi wa masu maganin gargajiya talla, ta yi wa 'yan takara waƙa ba tare da ta tambayi jam'iyyarsu ba.

Amma babban aikinta, wanda saboda shi muka ga ya dace a yi wannan sanarwa, shi ne abin da ta yi wa Baba. Wanda ya san Oko-Oba a da ya san Saminu Kalangu. Shi ne makaɗin mahauta, kuma babu tsohon mahauci a mayankar nan da ba shi da takensa a hannun Baba. Da ya kaɗa, mai taken zai ajiye wuƙa ya ɗaga hannu sama. Akwai kuma wani ɗan gajeren take da ba na mahauci ba. Shi yake kaɗawa in ya shigo layinmu da yamma, mahaifiyarmu Inna Azumi kuwa, ko me take yi, sai ta ce, "Na ji, Malam," ta ɗauki bokiti ta kai masa ruwan wanka. Da wannan muka buɗe ido.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta hagu, hammatar da ke matse kalangu ta daina aiki. Kalangu kuwa ba ya magana sai an matse shi an saki. Baba ya rataye shi a ƙusa, ya zauna a tabarma yana faɗa da kowa, har da ƙuda.

Mahbub ne ya tallabo shi zuwa ɗakin kiɗa. Ya zaɓo wata muryar ganga daga cikin 'Yar Kwatano ya shiga sassaƙa ta, ya rage nan ya ƙara can, Baba na gefe yana yatsina fuska. "Wannan ai gwangwani ne." Washegari ya ce garwa ce. Haka aka yi ta fama, har wata rana Mahbub ya taɓa haƙori ɗaya, Baba ya ɗago kai ya ce, "Sake bugawa." Muryar nan suka adana a cikin marigayiya, a lamba ta ɗari da ashirin da huɗu. Babu ita a wata na'ura a duniya, don a ɗakin nan aka haife ta.

A gefen hagu marigayiya tana da wata 'yar taya, in an murza ta sauti ya hau ko ya sauka. Baba ya dinga buga haƙora da yatsu biyu na dama, Mahbub na riƙe da tayar, ya zame masa hammata. Har tsakar gida ana jiyo su: "Matsa! Saki! Kai wane irin ɗa ne, matsa na ce!" Da haka taken mahautan Oko-Oba kaf suka shiga kwamfuta, har da gajeren nan na Inna. Baba ya koma cin tuwo har da ƙari.

To, a nan gizo ke saƙar. Hanya biyu ake ɗaukar kiɗa a kwamfuta. Ko dai a ɗauki sautin kansa, yadda rediyo mai kaset ke yi, ko kuwa a bar kwamfuta ta riƙe aikin yatsu kaɗai: wane haƙori aka taɓa, da wane ƙarfi, yaushe aka murza taya, da lambar muryar da za a kira. In an zo saurare, kwamfuta ta aika wa fiyano lambar ta cikin waya, ita kuma ta sauya murya ta yi kiɗan da bakinta. Mahbub ya zaɓi ta biyu, don ita ce ta gwanaye. Da ita ana iya mai da sarewa garaya a tsakiyar waƙa, ana iya gyara yatsan da ya zame. Yayarsa Asama'u, mai rubuta wannan sanarwa, ba ta san kan kwamfuta ba, amma ta san ƙaninta. Ta yi ta tambayarsa ko kiɗan Baba ya shiga inda ba zai fita ba. Kullum amsa ɗaya: "Yaya, relax. Sautin ma zan ɗauka, bari in gama gyara." Baba ya rasu bara da damina, Mahbub na kan gyara.

Bayan rasuwarsa ne ciwon marigayiya ya fara. Mantuwa ce ta soma kama ta. A aika mata lambar sarewa ta amsa da ƙaho. Ana cikin ɗaukar waƙar wata amarya daga Ogba, daidai inda mawaƙi ke cewa uwa ta yi haƙuri da rabuwa, sai ta sauya murya da kanta ta fasa jiniya, har uwar amarya ta leƙa waje. Mahbub ya ce laifin waya ne, ya sayo sabuwa. Ya ce laifin kwamfuta ne, ya zage ta tas. Maƙwabcinmu Bitrus, mai kaɗa fiyano a wani coci a Ogba, ya ja shi gefe ya ce, "Mahbub, abin nan ya tsufa fa. Ran da ya kwanta, duk abin da ka ajiye a ciki ya tafi. Abeg, ka ɗauki sautin Baba." Mahbub ya ce gobe. Mun fahimci daga baya cewa ba lalaci ba ne kaɗai. Ba ya iya jin kalangun nan bai fita waje ya share ido ba.

Goben ta zo ranar Talata. Ya tashi da niyya, ya share ɗaki, ya jona wayar ɗaukar sauti, ya buɗe taken farko. Babu wuta, aka ta da janareto. Janareto ya yi tari sau biyu, ya yi wata irin kururuwa, ƙwan ɗaki ya yi haske kamar zai fashe. Marigayiya ta shiga bin muryoyinta ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya taɓa ta ba, sarewa, garaya, ƙaho, tafi. A ƙarshe ta yi kindin sau ɗaya da muryar kalangu, ta yi shiru. Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin.

Tun daga lokacin Mahbub bai zauna ba. Ya naɗe ta da bargo ya kai ta Ikeja, wannan karon ya yarda aka ba ta kujerarta. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya girgiza kai ya ce, "Pele, sannu oga. Ƙwaƙwalwa ya ƙone. Ko an ta da shi ba zai tuna komai ba." Ya kai ta wurin wani, ya kai ta wurin wani kuma, ciwon ajali dai ba ya jin magani. Ya dawo gida ya jona ta a wuta, ya cire, ya fita bakin titi, ya dawo ya sake jonawa, sai ka ce kazar da ke neman wurin ƙwai. Abinci ya huce a gabansa. In an yi masa magana sai ya ce, "Ina zuwa," alhali babu inda za shi.

Ya umarci kwamfuta ta yi kiɗan da nata muryoyin. Ta bi umarni, ta je lamba ta ɗari da ashirin da huɗu, ashe a wurinta kukan tsuntsu ne a can. Taken babban mahauci, wanda ake kaɗa wa in zai kayar da bijimi, ya fito cuwi-cuwi. Ya kwashi kwamfutar ya tafi Ogba, aka jona ta da fiyanon Bitrus, ita kuma a lambar nan ƙarar tarho ta ajiye, har Bitrus ya laluba aljihu. Wani ya ba shi muryar gangar Yarbawa, mai kyau, an ɗauke ta daga gwani. Ya saurara ya ce, "Wannan Yarbanci take yi." Asama'u ta so ta tuna masa cewa da-na-sani ƙeya ce, amma da ta dubi idonsa sai ta haɗiye. Gaskiyar magana, mutuwar Baba ce ta dawo mana sabuwa fil.

Marigayiya ta bar kwamfuta ɗaya, wadda ke takaba a ƙarƙashin zane. Ta bar sifika biyu, ɗaya ba ta ji sosai, da ƙafar ƙarfen da take kwanciya a kai, da wayoyi masu yawa da aka zarga da laifin da ba nasu ba. Ta bar amare da suka zama iyaye, da 'yan takarar da ba su ci ba. Ta kuma bar Mahbub.

Bitrus ya ba shi shawara tun a Ogba: ya goge lambar daga farkon kowane take, kwamfuta za ta koma muryarta ta farko, fiyano tsura, aƙalla a rabu da tsuntsu. Mahbub ya ƙi. A ganinsa lambar nan ita kaɗai ta rage daga kalangun Baba, goge ta kamar cire allo ne daga kan kabari. Sai ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya zagaya ɗakin har ya gaji, ya zauna a karon farko. Ya zaɓi mafi gajarta a cikin taken, don in abin ya ɓaci kada a yi babbar asara. Ya goge lambar, ya danna.

Muryar da ta fito ba ta kalangu ba ce, ba ta ma yi kama ba. Fiyano ce irin ta ko'ina, siririya, mara gishiri. Amma yatsu biyun nan suna nan yadda suka sauka, da ɗan jinkirin da Baba ke yi kafin bugu na ƙarshe, da matsawa da sakin da ya yi ta yi wa Mahbub tsawa a kai.

Daga madafa aka ce, "Na ji, Malam!"

Muka ji ƙarar bokiti. Inna ta taho da sauri har ƙofar ɗakin kiɗa, hannunta duk garin tuwo, ta tsaya. Ta dubi Mahbub, ta dubi gawar da ke cikin bargo, ta dubi bokitin da ke hannunta. A hankali ta ajiye shi, ta zauna a dokin ƙofa, ta gyara mayafi.

"Hannunsa ne," in ji ta. "Sake bugawa."

Game da jana'iza, limamin layinmu ya ja kunnenmu cewa ba a yi wa roba salla, mun kuwa ji mun bi. Za a goge marigayiya da tsumma mai tsabta ranar Lahadi da safe, a naɗe ta da tsohon rawanin Baba, a ɗora ta kan durowa, daidai ƙarƙashin ƙusar da kalangunsa ke rataye. Masu sayen gwangwan da suka fara shawagi a ƙofar gida, musamman wanda ya ɗaga ta jiya yana kimanta nauyinta, su sani ba ta sayarwa ba ce. Za a karɓi gaisuwa a gida daga hantsi zuwa la'asar. Kada kowa ya zo da janareto, kada kuma a tambayi Mahbub dalilin da ya hana shi ɗaukar sautin tun Baba na da rai, ya riga ya tambayi kansa.

Tsofaffin mahautan Oko-Oba su zo da kansu. An goge lambobin duka, kowa zai ji takensa daga hannun Saminu, da muryar aro. Take ɗaya ne ba a saka wa baƙi. Shi Mahbub ke sakawa da yamma in ya shigo gida, Inna kuma ta ɗora ruwa. Mun daina hana ta. Mahbub ke wanka da shi.