Rasuwar Farantin da Aka Fiƙe wa Haƙora

Da zuciya cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ma fi baƙin cikin yawa, ni Ɗalha Wanzami na Sule Tankarkar, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gumel da Maigatari da Gagarawa, da rugagen da ke tsakani, rasuwar farantin kekena. Ga wanda bai san faranti ba, shi ne babban ƙarfen nan mai haƙora da ke tsakiyar keke, wanda hannayen feda suke jikinsa. Shi ke jan sarƙa, sarƙa ta ja taya. Ya rasu ranar Talata da sassafe, a kan tudun rairayin da ke gab da rugar Arɗo Manu, bayan jinyar mako uku da mu muka jawo masa da hannunmu. Ya yi shekara arba'in da ɗaya tare da ni, ban da waɗanda ya yi da mahaifina.

Limamin unguwarmu ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in ce Allah ya jiƙan ƙarfe. To, ban ce ba. Amma bai hana ni faɗin halin mamaci ba, kuma zan faɗa.

Marigayin ɗan Ingila ne, irin na da, mai nauyi, mai haƙora arba'in da takwas, kowanne da kaurinsa. Bai taɓa neman komai a wurina ba sai ɗan baƙin mai ran Juma'a, shi ma idan na manta ba ya ƙorafi. Ba shi da surutu. Idan muna tafiya a kan burji, abin da kawai za ka ji shi ne "sirr, sirr, sirr," a hankali, kamar mai jan carbi. Ya ratsa rairayin Maigatari ran kasuwa da zabirata a gaba da buhun gero a baya. Ya shiga ruwan damina har wuya a hanyar Gagarawa Tasha, ya fito bai yi tsatsa ba. Taya na canja ban san iyaka ba, sirdi uku, birki kuwa kada ma a yi magana. Shi dai yana nan inda mahaifina ya bar shi.

Wanda ba wanzami ba zai ce mene ne abin kuka a kan ƙarfe. Sana'armu ta sammako ce. Ran suna, kafin a gama feɗe rago, dole wanzamin gida ya iso ya yi wa jariri aski, ba a jiran sa, kuma ba a aika masa sau biyu. Gida kuma gado ne. Gidan Arɗo Manu kakana ne ya fara yi musu aski, mahaifina ya aske Arɗo da kansa yana ɗan kwana bakwai, ni kuma na aske 'ya'yansa goma sha ɗaya. A duk sunayen nan ban taɓa makara ba ko sau ɗaya, kuma ba ƙwazona ba ne, aikin marigayin ne. Gidaje da yawa sun riga sun koma wurin Ɗantala, wani wanzami mai babur da ke aski da rezar kanti. Gidan Arɗo shi ne babban da ya rage mini.

Ciwon ajali ya faro ne daga gwiwata, ba daga jikinsa ba. Bara gwiwar dama ta fara kumburi, na koma sauka ina tura keke in na zo tudu. Ɗana Abdulfatah, wanda ke aikin gwamnati a Gumel, ya gan ni wata rana ina turawa ina haki, abin ya dame shi. Yaron kirki ne, ba zan zage shi a sanarwa ba. Bayan kwana kaɗan sai ga shi da kaya a kwali: sabuwar tayar baya mai giya bakwai jere, da wani ɗan ƙarfe mai lilo da ke tura sarƙa daga giya zuwa giya, da sarƙa siririya mai ƙyalli, kai ka ce ta wuyan mata ce. Ya ce, "Baba, da wannan ko tudu ya kai ina, kana zaune za ka haye." Ya ce kuma gara a canja farantin gaba ɗaya, tunda komai sabo ne. Nan na tashi. Na ce su canja abin da duk suka ga dama, amma farantin ubana ba mai taɓa shi. Ina ganin gata nake yi masa.

Muka kai shi wurin Cindo mai gyaran keke, kusa da tasha a Gumel. Tir! Ban taɓa ganin mutumin da ya raina ƙarfe irin Cindo ba. Kayan aikinsa guduma ce da wata tsohuwar filaya, sai baki. Da farko sabuwar tayar ta ƙi shiga, domin ta fi tsohuwar faɗi. Cindo ya kwantar da keken a ƙasa, ya taka ƙafar keken ɗaya ta baya, ya finciko ɗayar da hannu biyu har na ji ƙarfen ya yi ƙara. Taya ta shiga. Sai aka zo ɗora sarƙa. Sarƙar nan an yi ta ne siririya don ta ratsa tsakanin giya bakwai, haƙoran marigayi kuwa an yi su ne don sarƙa mai faɗi ta keke mai giya ɗaya. Ta ƙi zama. Sai ta hau kan haƙoran ta yi tsaye, ko ɗaya bai shige ta ba. Duk mai gyaran da ya san abin da yake yi, a nan zai ajiye guduma ya ce, Baba, waɗannan biyun ba sa tafiya tare, ko ka haƙura da giya ko ka haƙura da faranti. Cindo ya leƙa, ya tofar da yawun goro, ya ce, "Ba matsala, Baba. Ƙiba ce ta yi masa yawa, rage masa za mu yi."

Ya kwance shi, muka tsallaka wurin mai walda, aka kunna injin wasa ƙarfe. Jama'a, a nan zan faɗi abin da ya fi ci mini rai, domin sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce. Ni na riƙe shi. Cindo ya ce hannunsa ɗaya ba zai iya ba, na karɓi tsumma na naɗe saboda zafi, na danne marigayin da hannuna biyu, ana bin haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Yana kuka "ƙiiii, ƙiiii," tartsatsi na zuba mini a ƙafa. Ni da na shekara hamsin ina wasa aska! Ni da na fi kowa a wurin nan sanin cewa ƙarfen da aka ci wa jiki har ya yi shuɗi ya gama yawo, ba sauran ƙwari a cikinsa. Ina kallo haƙoran suna sauya launi, raina yana gaya mini, amma na yi shiru, saboda Abdulfatah na tsaye yana murna kuma ina jin kunyar a ce tsoho ya ƙi ci gaba. Da aka gama, wani haƙorin ya yi tsini kamar ƙaya, wani ya karkace, babu biyu da suka zo daidai. Cindo ya ɗaga shi sama yana yaba kansa.

Daga ranar marigayin bai ƙara lafiya ba. Muryarsa ta canja. Maimakon "sirr, sirr," sai "ƙarat, ƙarat, ƙas," har karnukan ƙauye suka fara bin mu. Giya bakwai ɗin da aka yi mini alkawari, biyu ne ke aiki, domin in ka tura sarƙa gefe sai ta tafi a karkace ta zame daga farantin ta faɗi. Ɗan ƙarfen nan mai lilo kuwa yana rataye kusa da ƙasa, aikinsa kwasar rairayi yana shafa wa sarƙa, ita kuma tana goga wa haƙoran da dama ba su da sauran nama. A tafiya ɗaya sai in sauka sau biyar in mayar da sarƙa. Hannun da zan taɓa kan jariri da shi ya koma baƙi ƙirin, har ƙarƙashin farce. Matata Murja ta dubi farar rigata ta ce, "Malam, aski kake zuwa ko gyaran injin niƙa?" Sau biyu na koma wurin Cindo. Sau biyun yana tauna goro ya ce mini sabo ne, bai gama zama ba, zai saba.

Ana cikin haka Allah ya ba Arɗo Manu jikansa na fari, namiji, ya aiko mini cewa suna ran Talata. Na wasa askata tun Litinin. Ina sallame asuba na hau. Mun yi rabin hanya da faɗuwar sarƙa uku kawai, har na fara cewa ko Cindo ya yi gaskiya. Muka iso tudun rairayin, ina hango bukkokin rugar da hayaƙin girki. Na taɓa abin giya, ya ƙi. Na ce to, mu yi irin ta da. Na miƙe tsaye a kan feda, na danna da duk ƙarfina kamar yadda na saba dannawa shekara arba'in. Marigayin ya ce "ƙas!" sau ɗaya. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Haƙora huɗu suka ɓalle, wasu suka lanƙwashe suka cije sarƙa, ƙafata ta tafi a banza, na sauka a kan ƙarfen tsakiya ta inda ba a faɗa a sanarwa. Na faɗi gefe a kan gwiwar nan mai ciwo, zabira ta buɗe, ƙahonina suka gangara tudu.

Na daɗe a zaune kafin in iya tashi. Na tsince kayana ɗaya ɗaya daga cikin rairayi. Taya ta baya ta ƙi juyawa saboda sarƙar ta cushe, don haka jan keken na yi, ba turawa ba, ina ɗingishi. Tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba ta ci mini har hantsi ya dubi ludayi.

Da na isa, abin da na fara gani shi ne babur ɗin Ɗantala a gindin aduwa, da karfatar rago, rabon wanzami, an riga an ɗaure masa a baya. An yi waya an kira shi. An aske jariri, an share gashin. Da Arɗo Manu ya yi mini faɗa, wallahi da na fi jin daɗi. Amma ina! Ya taso da kansa ya karɓi keken, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma cikin baƙi, aka kawo mini ƙwaryar nono. Ya dubi gwiwata, ya dubi baƙin hannuna, ya ce a hankali, "Baba Ɗalha, ka yi mana ƙoƙari, kai da iyayenka. Ka huta haka nan. Yaron nan Ɗantala zai riƙa zuwa." Na ce na gode. Na ajiye ƙwaryar nonon a gefe.

Marigayin ya rasu ya bar hannayen feda biyu, ɗaya na ɗan girgiɗi tun da Cindo ya buga masa guduma. Ya bar sirdi, ya bar ƙararrawa wadda tun ranar ba ta yi magana ba, ya bar famfo, ya bar tsohuwar sarƙarsa mai faɗi da Cindo ya jefa bayan rumfa, na koma na tono ta daga cikin shara. Ya bar ni. Siririyar sarƙar nan da giyoyinta bakwai ba danginsa ba ne, kada kowa ya yi musu gaisuwa. Suna nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu, suna ƙyalli a kusurwar zaure, ina ganin su raina na tashi.

Iyalan mamaci na roƙon Cindo da ya yi zamansa. Ya aiko cewa akwai sabon faranti mara nauyi da zai dace da sarƙar, sai dai ba zai hau tsohon ƙarfen da ke juya fedar ba, shi ma sai an canja, in an canja shi kuma sai an duba mazauninsa. Wato a ƙarshe ƙararrawa ce kaɗai za ta rage daga keken ubana. Allah ya kiyaye. Abdulfatah kuwa ya zo ya durƙusa har da hawaye, na ce ya tashi, ba shi ya riƙe tsumma ba. Shi da 'yan uwansa sun yi shawara sun ce hawan keke ya ƙare mini. Na buɗe baki zan yi musu, gwiwar ta amsa kafin ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidana da ke bayan kasuwar Sule Tankarkar. An riga an yi masa wanka da kananzir. Haƙora uku daga cikin huɗun na samo su, na huɗun yana can a tudu. Za a naɗe shi tare da tsohuwar sarƙarsa a cikin buhu mai tsabta, a sa shi ƙarƙashin rumbu inda ruwa ba ya kaiwa. 'Yan gwangwan da suka fara zagaye da sikelinsu suna tambayar kilo nawa zai yi, su ji da kyau: ba na sayarwa ba ne, kuma wanda ya ƙara tambaya zai ji abin da bai taɓa ji daga bakin dattijo ba.

Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar shawara. Masu zuwa ta'aziyya kuma kada su wahalar da kansu da tambayar ranar da za su same ni, ko su ce bari su bari sai na dawo daga suna. Ku zo da safe, ku zo da hantsi, ku zo ran kasuwa. Ina gida.