Rasuwar Ƙararrawar Tsayar da Wasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi kama da fargaba, Uwar Wasa, a madadin ɗaukacin 'yan wasan Birnin Ganuwa, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ƙararrawa, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da ta wuce, da rana tsaka, a tsohon siton katako da ke bayan layin makanikai. Ta rasu a bakin aiki.

Ga wanda bai san gidan da marigayiyar ta yi wa hidima ba: Uwar Wasa tela ce. A kan teburin da take yanka yadi take rubuta labarin wani birni da abokan gaba suka yi wa ƙawanya, sannan ta raba wa mutane matsayi, wannan mai tsaron ƙofa, wannan likitan birni, wancan ɗan leƙen asiri. Babu 'yan kallo, babu rubutaccen zance. Kowa ya sa kayan da ta ɗinka masa, ya ɗauki takobin soso da aka naɗe da salatif, ya shiga sito, daga nan ya zama wancan mutumin har a tashi. Manya ne masu iyali, wasu har da furfura. Kuma babba in ya shiga wasa da zuciya ɗaya, fito da shi sai da dalili. Marigayiyar ita ce dalilin.

Ba a san maƙerar da aka haife ta ba. An dai san ta yi ƙuruciyarta a wata makarantar firamare tana kora yara aji, ta yi ritaya a wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, inda Uwar Wasa ta tsince ta a ƙarƙashin matattun fankoki. Ta tagulla ce, mariƙinta na icce, hannu ya goge shi har yana sheƙi.

Ba ta da yawan magana. Kalma biyu ta sani duk rayuwarta. In ta ce "ƙwal" a saman kan mutum, to wanda yake kwaikwayo ya mutu. Sai ya ajiye takobi, ya je ya zauna a bencin matattu, ba ɗaukaka ƙara. In kuwa ta ce "gwarang-gwarang-gwarang" ba tsayawa, wasa ya tsaya ke nan, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya koma sunansa na gida. Ba ta taɓa nuna son kai ba. Ta kashe mijin Uwar Wasa a gaban Uwar Wasa. Ta kashe Mai Aski har ya saba, ya riƙa zuwa da matashin kansa don zaman benci. Ranar da ƙusa ta huda ƙafar Akawu ana tsakiyar yaƙi, kowa ya ɗauka kukan wasa yake, ita ce ta raba gardama. Mutanen da ba sa jin maganar matansu sun ji tata.

Ciwon ajalinta ya fara da wata 'yar tsaga a leɓenta, siririya kamar silin gashi. Muryarta ta soma dishewa. Aka kai ta wurin mai walda, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai.

"Wannan ba ta faci ba ce," in ji shi. "Ki dai riƙa lallaɓa ta."

Sai dai lokacin bai zo da lallaɓawa ba. Akwai mutum biyu a cikin 'yan wasan da suka daɗe ba sa ga maciji: yayan Uwar Wasa, wanda makanike ne, da mijin ƙanwarsu, mai kemis. Tun da Mai Kemis ya ɗauke surukarsa, tsohuwar su Uwar Wasa, daga gidan Yaya ya mai da ita nasa, wai can ta fi samun kulawa da magani a kan kari, Yaya ya ji kamar an tsaya a tsakiyar titi an ce ya kasa riƙe uwarsa. Yana gaisawa, yana murmushi, yana gyara wa surukin nasu mota. Irin fara'ar da ke sa mai hankali ya matsa gefe.

Uwar Wasa ta haɗa su a kan ganuwa ɗaya, Yaya kwamandan tsaro, Mai Kemis mataimakinsa, da fatan waɗanda suka kare ƙofa tare za su iya zama a tabarma ɗaya. Da farko abin ya yi kyau. Daga baya Mai Kemis, wanda ya ɗauki wasa wasa, ya ga labari zai fi daɗi in mataimaki ya ci amana. Ya buɗe wa abokan gaba ƙofa. Aka yi ta tafi ana yaba masa. Yaya ne kaɗai bai tafa ba. Ya tsaya yana kallonsa ta cikin hular kwali, ya ce, "Ai ka saba ɗauke abin da aka ba ni tsaro."

Ranar Asabar ɗin, labari ya kai inda kwamanda zai kama maci amana. Uwar Wasa tana tsaye a kan tarin katako, inda take ganin ko'ina, marigayiyar na ajiye a gefen ƙafarta. Ta ga Yaya ya ritsa Mai Kemis a lungun da ke bayan injin yanka katako. Ta ga ya jefar da takobin soso, abin da ba ya cikin doka. Ta ga hannayensa biyu, waɗanda suka saba kwance ƙusoshin taya, sun kama wuyan mijin ƙanwarsa. Sauran 'yan wasa suka kewaye su suna kirari, suna cewa yau kwamanda ya iya wasa. Ƙafafun Mai Kemis suna shure ƙasa, su kuma suna yaba yadda ya iya mutuwa.

Uwar Wasa ta suri marigayiyar ta kaɗa. Shiru. Ta sake kaɗawa da ƙarfi. Abin da ya fito bai wuce "tuf, tuf" ba, kamar ana buga matashi. Ta leƙa cikinta, sai ta ga an naɗe harshenta da tsumma, an ɗaure da waya tamau. Tsumman baƙi ƙirin da man inji.

Ba lokacin kwancewa. Ta yi ihu, ihunta ya ɓace cikin na mayaƙa. Sai ta diro, ta ɗaga Ƙararrawa da hannu biyu, ta maka ta a jikin ginshiƙin ƙarfe da ke riƙe da rufin sito. Marigayiyar ta yi magana ta ƙarshe. "Gwaaang!" Ƙarar ta bi ginshiƙi ta hau kwano, ƙura ta zubo, tantabaru suka watse. Takubba suka faɗi ƙasa. Hannun Yaya ya saki. Ƙararrawa kuwa ta dare gida biyu, daga leɓe har mariƙi.

Mai Kemis ya daɗe a durƙushe yana tari. Yaya ya cire hular kwali, ya share zufa, ya dubi Uwar Wasa.

"Wasa ne fa, ƙanwata. Hannu ne ya zarce."

"Tsumman ma hannu ne ya zarce, Yaya?"

Yaya ya sunkuya ya kaɗe wa Mai Kemis ƙura daga kafaɗa, a hankali, kamar mai goge mota.

"Ba komai, Yaya," in ji Mai Kemis da muryar da ba ta fita. Har yau da gyale a wuya yake zama a shago, yana ce wa masu sayen magani sanyi ne ya kama shi. Ba a gaya wa tsohuwa ba. Ba a gaya wa matar Mai Kemis ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar takubban soso masu yawa, da garkuwoyin kwali, da bencin matattu, da wani usur na roba da aka kawo don ya gaje ta, wanda aka busa don gwaji ko kyanwar sito ba ta waiwayo ba. Ta kuma bar babin ƙarshe na labarin, wanda Uwar Wasa ta rubuta rabi ta kasa ƙarasawa, domin ta san yadda ake fara wasa, amma yanzu ba ta da abin tsayar da shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a filin da ke bayan sito, gindin katanga. Ana roƙon masu halarta su zo da kayan jikinsu na gida da sunayensu na gaskiya. Kada a zo da takobi, ko na soso ne. Ba za a karɓi gaisuwa a gidan tsohuwa ba, kuma wanda ya haɗu da ita a hanya ya gaishe ta kawai ya wuce. Yaya da Mai Kemis duk sun aiko cewa za su zo. An shirya Mai Aski da Akawu su tsaya a tsakaninsu, kada su matsa ko da an kira su.

Ba a buƙatar masu haƙa. Jiya da Uwar Wasa ta je duba wurin, ta tarar Yaya ya riga ya haƙa ramin shi kaɗai, ba wanda ya sa shi. Yana zaune a bakinsa, shebur a kan cinya. Ta dubi tsawon ramin, ta dubi gutsattsarin tagullar da ke cikin jakarta, waɗanda ba su cika tafi biyu ba.

"Yaya, ai ya yi girma."

"Ƙasar ce da laushi," in ji shi.

Ana roƙon jama'a su zo da yawa, kuma su zo da wuri.