Sallau Jikana a Turkiyya

A gidanmu na Kazaure mu uku ne: ni, da ɗana Ilu mai gyaran keke, da ɗansa Sallau, wanda na rena tun rasuwar uwarsa. A boko ba mai kama ƙafar Sallau. Amma in ka ce masa ya tsare tukunya, zai tsare ta har ta ƙone, tunda ba a ce ya sauke ba. Ranar da aka ce an ɗauke shi karatu Turkiyya unguwa ta cika da guɗa, ban da ni. Abu ɗaya nake tsoro, kada a koro mini shi da jakarsa bayan na bi gida gida na faɗa. Sai na zaunar da shi na yi masa huɗuba irin wadda aka yi mana.

Wata rana tsohuwar da yake haya a benenta ta kira shi shan shayi. Ashe a can in ka ƙoshi, cokali ake kwantarwa a bakin kofi, ba wanda ya gaya masa. Ni kuma na ce masa duk abin da babba ya ba shi ya cinye tas. Tana zubawa yana shanyewa. Ita tana kunyar barin kofin baƙo wayam, shi yana tsorona. Kofi goma sha bakwai suka yi. Washegari bai leƙa aji ba, yana tsakanin gado da makewayi. Makaranta ta ba shi gargaɗin farko.

Wata rana wani ɗan ajinsu ya kawo masa ziyara. Na taɓa ce masa baƙo ana yi masa rakiya har sai shi da bakinsa ya ce a koma. Su kuwa a bakin ƙofa suke sallama. Yaron ya fita, Sallau ya bi shi. Ya hau mota, Sallau ya hau. Ya shiga jirgin ƙasa, Sallau ya shiga. Shi yaron ya ɗauka hanyarsu ce ta zo ɗaya, bai ce komai ba har garinsu, tafiyar wuni guda. Kwana biyu Sallau ya yi can. Da Ilu ya kara mini waya a kunne na tambaye shi ina hankalinsa yake.

"Iya, ai bai ce in koma ba."

Makaranta ta ce in ya ƙara fashi ko sau ɗaya, sai gida. Maƙwabta in sun tambayi ɗan Turai, sai in ce lafiya lau, in ja mayafi in wuce.

Wata rana ya kira ya ce gobe babbar jarrabawa. Na ce kafin ya fita ya gaida tsohuwar nan ta sa masa albarka, kada ya ɗaga ƙafa sai ta amsa. Da safe ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya sake, shiru. Ya zauna a bakin ƙofar, ya kira ni.

"Iya, ba ta amsa ba. An ma fara jarrabawar."

Kafin in ce ya tashi ya ruga, waya ta yanke. Ilu ya yi ta kira ba ta shiga. Na zauna kan turmi, ina tunanin bakin da zan tari unguwa da shi.

Shi kuwa yana can yana bugun ƙofa, har mutanen benen suka gaji suka kira 'yan sanda a ɗauke musu shi. Ya ce musu ba inda za shi sai ta amsa. Don a rabu da shi suka ɓalle ƙofar. Sai ga tsohuwa kwance a ƙasa, ta zame tun asuba ta karye a ƙugu, murya ta ƙi fita. Likita ya ce da ta kai yamma a haka, da sai dai gawa.

'Yan sandan da kansu suka raka shi makaranta suka yi bayani, aka sa masa wata ranar, ya rubuta, ya ci.

Yanzu kullum safiya sai ya bi ƙofofin benen nan goma sha ɗaya yana gaisuwa. Ilu ya ce tun bai gama ƙwanƙwasawa ba suke amsawa, kowa yana son ƙofarsa.