Wasiƙar da na tsinta a littafin Rifkatu

Shekara biyu da samun 'yancin kai, ina sabon dattijon ikkilisiya a Malikanchi, na tsinci wasiƙa cikin Littafi Mai Tsarki na 'yata Rifkatu, mai shekara goma sha biyar. "Hasken idona" kawai na gani, na ninke ta. A gidana!

Ran Lahadi bayan sujada na tara Fasto da dattawa, na durƙusar da yarinyar, na shiga karantawa da karatuna na yaƙi da jahilci.

"Ku ji mara kunya," na ce, "wai ko tuwo ba ya iya ci saboda ita!"

Rifkatu sai kuka take. Uwarta ta ce, "Maigida, karanta ƙarshen mana."

Na karanta da ƙarfi: "Naki har kabari." A ƙasa sunana ne. Wasiƙar da na sa wani malami ya rubuta mini ce lokacin da nake neman auren uwarta, ita kuma ta ba 'yarta ajiya.

Fasto ya kama tari. Rifkatu ta yi wata guda ba ta dube ni ba. Ni kuwa, har jikokina Baba Har-Kabari suke kirana.