Rasuwar Asusun Sabi'u Iro na Ruwan Bago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Sabi'u Iro na Ruwan Bago a ƙaramar hukumar Rogo yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar asusunsa na waya, wanda rai ya yi wa halinsa ranar sadakar ukun mahaifinsa, Malam Iro mai shanun noma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mako ɗaya, gida ɗaya, rashi biyu. Na farkon Allah ne ya karɓi abinsa, an kuma yi haƙuri. Na biyun kuwa mutum ne ya karɓa, ta waya, da sallamarsa da komai.

An haifi marigayin a rumfar Abdulmutalib mai POS da ke bakin tashar Rogo, wata ranar kasuwa. Ranar an sa Sabi'u ya kalli waya, ya ƙifta ido, ya juya kai hagu da dama kamar wanda ke gaban wanzami, sai aka ce masa shi ke nan, ya yi asusu. Lambar wayarsa ita ce lambar asusun, suna ɗaya suke amsawa su biyun. A lokacin Sabi'u ya ɗauki wannan a matsayin sauƙi, tunda ba sai ya haddace lamba biyu ba.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da kirki. Bai taɓa sa mutum ya hau mota neman banki ba, bai taɓa tsayar da kowa a layi cikin rana ba. Bai taɓa cewa a sa hannu a takarda ba, ballantana ya yi wa Sabi'u gorin ya bar makaranta tun yana aji huɗu. Kuɗin masara in an ba shi ajiya, yadda aka ba shi haka yake mayarwa, ba kamar rufin ɗakin Malam Iro ba, inda gara ta taɓa cinye kuɗin kaka guda ta bar robar da aka ɗaure su. Ba shi da yawan magana. In alheri ya shigo sai ya ce ƙilin, sau ɗaya, ya yi shiru. Inna Rekiya, mahaifiyar Sabi'u, ta san muryar nan tun daga madafi, takan ce, "To, baƙo ya yi sallama."

Ba a rasa shi da ɗan hali, kamar kowa. In sabis ya ɗauke sai an hau surin bayan gida an ɗaga shi sama kafin ya farfaɗo. Sannan Turanci kawai yake ji. Kowane saƙo ya aiko, sai ya ja masa wata doguwar jela ta Turanci, wadda ba wanda ya taɓa karantawa a gidan. Lambobi ake dubawa a wuce.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi. Da jikin Malam Iro ya tsananta, likita a Kano ya ce sai an yi aiki. Shanun noma biyu ne a gidan, ja da baƙi, su suke jan garma tare tun suna 'yan maruƙa. Aka kai jan kasuwa. Mai saye ya tura kuɗin ta waya, marigayin ya ce ƙilin, kuma bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyin na ranar ba. Sai dai kafin ranar da likita ya sa ta zo, Malam Iro ya riga mu gidan gaskiya. Kuɗin magani suka zama kuɗin gado: na Inna Rekiya, na Sabi'u, na ƙannensa mata biyu, Murja da Halima Sadiya. Liman ya ce a bari jama'a su watse sannan a raba.

Kamar yadda aka saba, an baza sanarwar rasuwar Malam Iro a wayoyin mutane, daga Gwangwan har Kwanyawa, har wajen 'yan cin rani da ke kudu. A ƙasanta aka sa lambar babban ɗa, don na nesa su samu su yi gaisuwa. Haka ake yi, ba wanda ya ga aibu a ciki.

Ranar sadakar uku da hantsi, Sabi'u na zaune kan tabarma cikin masu zaman makoki, ana rabon gumba, waya ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, mai sanyi. Ya yi sallama cikakkiya. Ya ce ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya Inna take, ya yaran. Ya yi wa Malam Iro addu'a doguwa wadda ko a wajen jana'iza ba a yi irinta ba, har idon Sabi'u ya kawo ruwa. Ya kira shi ɗana. Ya ce shi Alhaji ne da ya daɗe yana sayen masara a hannun mamacin, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa, amma ga 'yar gudummawa zai turo a ƙara a sadaka. Sai dai kuɗin sun ƙi wucewa, wasu lambobi za su shigo yanzu, a karanto masa.

Lambobin suka shigo, da jelarsu ta Turanci. Gaskiya zuciyar Sabi'u ta ɗan yi masa wani iri. To amma ta ina yaro zai fara tuhumar dattijon da ya gama yi wa ubansa addu'a, a gaban mutane, bisa tabarmar makoki? Wane irin ɗa za a ce Malam Iro ya bari? Ya karanto. Alhaji ya ce bai ji sosai ba, wasu za su sake shigowa. Ya sake karantowa, a hankali, yadda tsoho zai ji. Alhaji ya sa masa albarka, ya rufe da fatiha, har waɗanda ke kan tabarmar suka taya shafawa.

Aka jira ƙilin. Bai ce ba. Aka hau suri aka ɗaga shi, bai ce ba. Kafin azahar marigayin ya daina gane mai shi, a sa masa lambar sirri ya ce bai san ta ba.

Ba a yi sakaci da jinya ba, Allah ya sani. An garzaya da shi rumfar Abdulmutalib a kan babur. Shi ne ya fara karanta jelar Turancin nan, ya ce abin da take faɗa kullum shi ne kada a gaya wa kowa lambar nan. Ashe bawan Allah ya yi ta gargaɗi tun ranar da aka haife shi, da yaren da ba a ji a gidan. Abdulmutalib ya riƙe kai ya ce, "Haba Sabi'u! Ko ni da na buɗe maka shi na kira ka ina kuka, ba ka faɗa min. Su kansu masu kamfanin ba sa tambaya." Aka kira kamfani, suka sa kiɗa aka yi ta saurare har kati ya ƙare, aka sake sawa. Wata mai tattausar murya ta ba da haƙuri, ta toshe asusun. Aka je wajen 'yan sanda aka karɓo takarda, aka je kotu aka yi rantsuwa, aka sayar da buhun masarar da aka ajiye don ci aka yi kuɗin motar Kano. A can ofishin kamfanin suka maido wa Sabi'u asusunsa, da sabuwar lambar sirri da ba ta yi kama da shekarar haihuwar kowa ba, suka ƙara masa kulle da zanen yatsa. Yanzu kam ba mai iya shiga. Sabi'u ya sa yatsa ya shiga, ya tarar da ɗaki a share. Suka ce kuɗin sun bi ta hannu da yawa kafin a cire su, amma ana bincike. Lambar Alhaji kuma tun ranar a kashe take.

Marigayin ya rasu ya bar Inna Rekiya, wadda take takaba. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai dai in an kai masa tuwo ya dawo da shi ta ce, "Ku ce wa wancan ya ci abinci." Ya bar Murja, wadda ta ce, "Yaya, ni na yafe nawa," alhali gonar mijinta ko taki ba ta gani ba bana. Ya bar Halima Sadiya, wadda ta riga ta taya keken ɗinki a Karaye ta ce a ajiye mata, yanzu in an yi zancen ɗinki sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Ya bar baƙin sa, shi kaɗai a turke, da karkiya mai wuya biyu jingine da bango.

Sabi'u bai karɓi yafewar ba, don haƙƙin marayu ne, kuma a hannunsa aka bari. Kasuwa mai zuwa baƙin san zai bi ɗan uwansa, a ba kowa rabonsa. In damina ta faɗi, abin da fartanya ta iya nomewa shi ke nan, sauran gonar a ba da aro.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar gidan Malam Iro. Ba wanka, ba likkafani, ba kuma salla, malamai su kwantar da hankalinsu. Abdulmutalib ne zai danne ɗan tambarin asusun a fuskar waya har ya yi rawa, sannan ya goge shi. Wayar za ta ci gaba da aikin tocila da rediyo. Ba za a yi sadaka ba, don ba abin yin ta. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa iyakar wahalar ke nan.

Wannan karon ba a sa lambar waya a ƙasan sanarwa ba. Duk mai son yin gaisuwa ya tako da ƙafarsa, a ga fuskarsa.